Yadda Na Raka Gwaggo Dije Kano Neman Muryarta

Tun da muka dawo daga Kano ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a fadarmu ta bakin kasuwar Dungas, kafin a zuba na farko wani zai ce, "Mushe Lawali, wai da gaske inji ya yi waƙa da muryar gwaggonka?" In soma ba shi labari, ina tsakiya wani ya iso ya ce a koma farko. Na gaji da komawa farko. Shi ya sa na ɗauki kaye, wato littafin rubutu, ɗaya cikin na 'yan lakwal ɗina, don ni mushe ne, malamin makaranta, na rubuta abin daga tushe, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Gwaggo Dije yayar mahaifina ce, tana zaune a ƙauyenmu da ke kusa da Waca. Zabiya ce. Shekara arba'in ke nan ba a biki ko suna ko gayya a yankinmu ba tare da ita da ƙwaryarta ba. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba, amma yau kowa da waya a hannu, in ta buɗe baki sai ka ga wayoyi goma sun taso sama.

Farkon damina ta je suna a Bande. Ana cikin cin abinci wata budurwa ta kunna waƙa a wayarta. Gwaggo ta ajiye loma. Muryarta ce, har da 'yar shaƙewar nan da take yi in za ta hau sama, har da guɗarta, amma ga kiɗan fiyano a ƙarƙashi, kalmomin kuma ba ta taɓa furta su ba. Da yamma ta sa aka kira ni.

"Lawali, ka zo. An sace mini murya."

"Gwaggo, ga shi kina magana da ita."

"Wannan ta magana ce. Ta waƙar aka ɗauka."

Na hau kabu-kabu na je, na saurara. Na gane abin, don na sha ganin irinsa. Na ce mata wata dabara ce ta ordinater, wato kwamfuta, ana ba ta waƙoƙin mutum ta yi ta saurare har ta koyi muryarsa, daga nan ta riƙa ƙirƙiro sababbi. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna ce mata IA.

"Wace Iya?" in ji Gwaggo. "Iyar wa? 'Yar wane gari ce?"

Na kwashe minti goma ina ƙoƙarin nuna mata ba mutum ba ce. Ta ce ko ma mece ce, tana da uban gida, a nemo shi.

A ƙarshen waƙar akwai lambar situdiyon da ya yi ta. Na kira. Mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Safiya, tana Kano. Da na ce mata mai muryar nan tana zaune kusa da ni tana ɓare gyaɗa, sai na ji Safiya ta yi salati. Can ta ce, "Tana da rai?" Gwaggo ta karɓe wayar ta ce, "Da raina, 'yar nan, har da haƙorana." Safiya ta yi ta ba da haƙuri. Ta ce mu zo Kano a zauna, za ta ɗauki nauyin mota da masauki, akwai takarda da take so a yi. Ni ina hutun damina, Gwaggo kuma ta gama maimai a gonarta, sai muka sa ranar Alhamis, don ranar kasuwar Maigatari ce, mota ba ta wuya.

Kayan Gwaggo su ne ƙwaryar kiɗanta, da tabarma, da buta, da ƙullin dawo wanda zai ishi mutum biyar, don ta ji an ce a Kano ba a san furar kirki ba. Muka shiga motar haya daga Dungas, mu goma sha tara da awaki uku a sama. An kwana ana ruwa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da wani kwari ya cika, direban, wani Malam Isuhu, ya ce ya san wurin kamar tsakar gidansa. Ya shiga da ƙarfinsa, motar ta zauna a laka kamar ta zo gaisuwa.

Maza muka sauka muka naɗe wanduna. Kowa na turi lokacin da ya ga dama, wannan ya tura wancan ya huta, motar ko motsi. Gwaggo ta leƙo ta taga ta dube mu, ta ce, "Haka kuke noma a garinku?" Ta kifa ƙwarya a cinya ta soma bugawa, ta ɗauko waƙar gayya. Ba wanda ya ce mana ga inda za mu tura, kiɗan ne ya nuna mana. In ta ja baiti mu ja numfashi, in ta sauke mu danna gaba ɗaya. A baiti na huɗu motar ta fita, ta watsa mini laka tun daga hula har takalmi. Malam Isuhu ya sauke wani ɗan kasuwa daga gidan gaba ya ce wurin na Gwaggo ne har Maigatari.

A bakin iyaka ta ɓangarenmu aka ce kowa ya fito da kart, wato katin shaida. Na Gwaggo yana cikin leda, ledar tana cikin gwangwani, gwangwanin yana ƙulle a tsumma, tsumman yana ƙasan dawo. Jami'in ya tsaya yana kallo ana kwance ƙulli bayan ƙulli. Da ya ga sunan sai ya ce, "Dije Zabiya ta Waca? Ke kika yi wa yayata waƙa ranar aurenta!" Ya riƙe mana mota minti biyar yana tambayar mutanen gida.

A ɓangaren Najeriya wani jami'i mai fara'a ya ce, "Mama, me za a je yi Kano?"

"Muryata zan karɓo."

Ya dube ni, ya rage murya, ya ce, "Asibiti za ka kai ta?" Na ce a'a, situdiyo. Ya ce to Allah ya ba da lafiya duk da haka.

Maigatari ranar kasuwa ba wurin tsayawa kallo ba ne, in ka tsaya sa zai ture ka ko raƙumi ya taka ka. Na canza 'yan sefarmu, aka miƙo mini damin naira, Gwaggo ta ce, "Ashe mu masu arziki ne ba mu sani ba." Arzikin bai wuce farantin shinkafa biyu ba, sai ta gane gaskiya. Daga nan harshe ya soma sauyawa, ko da yake Hausar ɗaya ce. Na tambayi inda otogar take, aka ce ba a san ta ba, sai tasha. Kabu-kabu ya koma acaɓa. Na ce ni mushe ne a lakwal, wani yaron mota ya ja baya yana dubana, don a wurinsu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Tun daga nan na koma malamin makaranta.

Muka wuce Gumel, muka shiga Kano bayan la'asar. Ni na taɓa zuwa sau biyu, Gwaggo kuwa Damagaram ce iyakarta. Da adaidaita ya hau gadar sama da mu ta riƙe hannuna ta ce, "Ina ruwan?" Na ce ba ruwa. Ta leƙa ta ga motoci a ƙasa, ta ce, "Gada a kan mutane. To." Abin da ya fi damunta shi ne kowa Hajiya yake ce mata, mai adaidaita, mai rake, mai gadi. Ta yi ta gyara musu cewa ba ta je ba tukuna, har ta gaji ta ce Allah ya amsa bakinsu.

Masaukin da Safiya ta kama mana ƙaramin gidan baƙi ne mai tsabta. Gwaggo ta danna katifa da hannu, hannun ya nutse, ta ce ba za ta kwanta a abin da ba shi da ƙasa ba, ta shimfiɗa tabarmarta. Na'urar sanyi kuma ta sa na kashe, ta ce mutum ya baro damina a gida ba zai zo ya saya a akwati ba. Abinci dai ba laifi. Gurasa da ƙuli da yaji ta ci ta ƙara. Amma da aka kawo fura da aka dama da inji, santsi kamar madara, ga sukari kamar za a yi alewa, sai ta kurɓa sau ɗaya ta ce, "Wannan ba mai tauna ta?" Ta kwance dawonta ta aika a sayo nono, ta dama da ludayi, har mai gidan baƙin ya zo da kofinsa.

Da safe a tsakar gidan muka haɗu da wani dattijo mai kukuma, Malam Tanko, daga wajen Haɗeja. Shi ma Safiya ce ta gayyato shi. Yana jin abin da ya kawo mu sai ya matso da kujerarsa.

"Hajiya, in an ba ki takarda kada ki dangwala sai an karanta miki da Hausa. Bara waɗansu suka zo garinmu, ba waɗannan ba, suka ɗauki waƙoƙina, suka ba ni abin da ya yi mini daɗi a ranar, na dangwala. Da ɗana ya sa waƙata a intanet aka sauke ta, wai ta wani kamfani ce. Waƙar da na yi wa mahaifina. Yanzu sai na nemi izini kafin in ji kaina."

Ya faɗa yana dariya, amma Gwaggo ba ta yi ba. Ta ce, "Lawali, ka ji?" Na ce na ji. Sai dai na san takardar Kano da Ingilishi za ta zo, ni kuma Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba.

Situdiyon yana saman bene a cikin kasuwar waya, ɗaki biyu, bango duk an lulluɓe da soso. Safiya ba ta wuce shekara talatin ba. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Gwaggo, wannan ya rage rabin faɗan da Gwaggo ta ƙullo tun daga gida. Akwai kuma wani lauya, mu mu ce avoka, Barista Nura, wanda ke taimaka wa mawaƙa. Safiya ce ta kira shi da kanta don kada a ce ta yi wa tsohuwa wayo.

Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce waƙoƙin ta saye su ne wurin masu tura waƙa a waya a kasuwar kan iyaka, ɗaruruwa a kati ɗaya, an rubuta musu "tsofaffin mata, ba suna." Ta ɗauka masu su sun daɗe da rasuwa. Ta zuba su a injin da take haya a intanet, ya koya, ita kuma tana yi wa mutane waƙar biki da ta talla da shi.

"Nuna mini," in ji Gwaggo.

Safiya ta rubuta, waƙar yabon manomi. Ba a yi minti ɗaya ba murya ta fito. Gwaggo ta karkata kai tana saurare, can sai ta fashe da dariya har tana buga cinya. Injin yana ta kirari, sarkin noma, mai rumbu goma, Illo na Abu. Illon nan kuwa kowa a ƙauyenmu ya san shi, gonarsa ce makiyayar jakunan gari. Gwaggo ta yi shekaru tana yi masa zambo a gayya don ya ji kunya ya tashi. Injin ya ji sunan yana yawan fitowa, ya ɗauka gwarzo ne.

"Iyar nan taku ba ta san mutane ba," in ji Gwaggo tana share hawaye.

Safiya ta ji daɗin dariyar, sai ta ce bari ta kunna wadda ta fi karɓuwa, tallar wani sabulun wanki. Ta kunna. Na ga dariyar ta bar fuskar Gwaggo. Ni ma na gane karin. Waƙar da ake yi ce in za a fitar da amarya daga ɗakin uwarta, ba kiɗa, ba guɗa, mata kaɗai, uwar tana riƙe da hannun 'yarta. Ga shi an ɗora mata ganguna ana cewa a saya a wanke.

"Kashe," in ji Gwaggo. Aka kashe. Ta dubi Safiya ta ce, "Da wannan uwata ta fitar da ni. Da ita na fitar da 'ya'yana uku. Ba a yin ta don a ji daɗi."

Safiya ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba. Gwaggo ta ce, "Na sani ba ki sani ba. Da kin tambaya da kin sani."

Barista Nura ya ɗauko takardar da Safiya ta shirya, irin wadda ake samu a shirye a intanet, ya juya ta da Hausa layi layi. Dukkan waƙoƙinta, na da da na gaba. A duk faɗin duniya. Ta kowace hanya, da wadda aka sani da wadda za a ƙirƙiro. Har abada.

"Har abada?" in ji Gwaggo. "Ni kaina ba a ba ni har abada ba, ina zan samo in ba ta?"

Ta kwance bakin zanenta ta zubo gyaɗa a kan tebur, ta raba kashi uku. Ta nuna na farko ta ce waɗannan ita ta ƙaga su, tana iya bayarwa tana iya hanawa. Na biyu ta ce na uwarta ne da kakarta da matan garinmu, riƙo aka ba ta, ba za ta sayar da kayan riƙo ba. Na uku ta ce waɗanda ke da sunayen mutane ne, yabo da zambo, in za a kai sunan mutum duniya sai a tambaye shi, ko da Illo ne.

Barista ya ajiye biro ya ce, "Mama, kashi na farko doka ta san shi, shi ne haƙƙin mallaka. Na biyu ta san da shi, amma wa za a tambaya, wa zai karɓa, nan ake ta ja. Na uku kuwa ban taɓa ganin wanda ya kawo shi teburin nan ba." Ya ƙara da cewa ko maganar inji ya koya daga waƙar mutum ba izini, sata ce ko koyo ne, har yanzu ana gardama a kotunan ƙasashe, ba a gama ba.

Safiya ta ɗago a hankali ta ce, "Mama, kada ki ji haushi, tambaya ce. Ke ma ai a wurin mahaifiyarki kika koya, ba ki biya ta ba. Injin ma saurare ya yi ya koya."

Na ɗauka Gwaggo za ta hau. Sai ta gyara zama ta ce, "Tambayarki mai kyau ce. Shekara goma sha biyu ina ɗaukar mata ƙwarya ina yi mata amshi. In na yi kuskure ta gyara, in na kai waƙa inda ba a kai ta, ta tsawata. Abin da aka ba mu a biki ita ke rabawa. Kuma har yau ba na buɗe waƙa sai na ce ni Dije ta Hawwa, Hawwa ta Ladi. Injinki da ya buɗe baki, wa ya ambata?"

Malam Tanko da ke gefe ya ja kukumarsa sau ɗaya, kowa ya yi dariya, aka samu aka numfasa.

Sauran yinin a kan takarda ya ƙare. Gwaggo ta ce a cire waƙoƙin riƙo daga cikin injin. Safiya ta ce ba a cirewa ɗaya ɗaya, kamar gishiri ne a miya, sai dai a zubar a ɗora sabuwar tukunya, kuma hakan zai ci mata wata biyu da kwastomomi. Ta dubi allon, sannan ta ce za ta zubar. Ta kuma kira mai sabulun a gabanmu ta ce a dakatar da tallar, za ta yi masa wata. Wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane dai ba mai iya kamo shi, wannan kowa ya yarda.

Sabuwar takardar shafi ɗaya ce. Waƙoƙi goma sha ɗaya daga kashi na farko, kowace da sunanta. Shekara uku, in an so a sabunta. Duk waƙar da injin ya yi da muryarta za a faɗi sunanta a kuma faɗi cewa inji ne. Ba talla, ba siyasa, sai an kira ta ta yarda. Tana da kaso a duk abin da aka samu. Kuma waƙoƙinta nata ne, ta yi su inda ta ga dama. Aka rubuta da Hausa, na juya da Faransanci don in kai meri, ofishin magajin garinmu, a buga hatimi, aka karanta mata sau biyu, sannan ta dangwala. Barista ya karɓi takardar Malam Tanko ta bara ya ce zai duba ko akwai ƙofa, bai yi alkawari ba.

Kashegari aka shiga ɗauka, nan ne aka sha dariya. Aka sa Gwaggo a ɗan ɗakin soso ita kaɗai, aka ɗora mata abin kunne a kan ɗankwali, aka ce bismilla. Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce, "Wa zan yi wa? Bango?" Ba ta waƙa ba amshi. Safiya ta sauka ƙasa ta dawo da mai sayar da abinci, da wata mai shagon caja, da matar da ke share benen. Aka koya musu amshi. Da aka zo wata waƙar daka da ita ta ƙaga kuma, Gwaggo ta ce hannunta ba ya jin waƙar, sai da turmi. Ni da Malam Tanko muka hau da turmin mai abinci har bene na biyu, muna hutawa a kowane mataki, 'yan kasuwar waya suna tambaya ko situdiyon ya koma gidan tuwo. Mai gyaran sauti ya kama kai da ya ga taɓarya kusa da makirufonsa. Amma da aka soma, ƙasa na amsawa, mai shara ta saki murya ashe gwana ce, sai ga shi yana rawa a kujera. Masu shagon ƙasa suka hauro kawo ƙara, suka tsaya a bakin ƙofa har aka gama.

Dawowa ba wani abin labari, sai dai motar Malam Isuhu muka sake samu a Maigatari, kuma wannan karon ya zagaye kwarin.

Maganar kashi na biyu Gwaggo ba ta bar ta ta kwana ba. Ranar Juma'a da hantsi ta tara matan gari a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, aka kira ni in kunna musu abin da na ɗauko. Yabon Illo ya sa wata ta faɗi daga kan turmi don dariya. Illo da kansa ya aiko daga baya wai a bar wannan kada a goge. Tallar sabulu kuwa ba wadda ta yi dariya. Suka yi ta magana har rana ta take. Waƙoƙin daka da na niƙa suka ce a ba Safiya in za a ambaci sunan gari, abin da ya fito kuma a zuba a asusun matan. Ta fitar da amarya suka ce a'a, baki ɗaya.

Akwai wata tsohuwa, Baba Ta-Allah, wadda ta girmi kowa a garin, ba ta gani sosai. Da za a tashi ta ce, "Dije, baiti nawa kike yi a waƙar amarya?"

"Bakwai, Baba."

"Goma sha ɗaya ne. Uwarki ta bar huɗu, don in ta zo kansu kuka yake hana ta."

Gwaggo, mai shekara sittin da wani abu, ta tashi daga kujerarta ta zauna a ƙasa gaban tsohuwar. Ni kuma hannuna ya riga tunanina, na ɗaga waya.

"Wane ne wannan mai haske a hannu?" in ji Baba Ta-Allah.

"Lawali ne, Baba. Kada su ɓace ne."

"Mayar da ita aljihu, ka matsa can, ba ta maza ba ce. Ku kira mini 'yan matan nan su zauna. In sun shiga kai ashirin ba za su ɓace ba."

Na mayar, na koma bakin rumbu na zauna. Daga can ba na jin kalmomin, sai dai muryar tsohuwar siririya tana ja, ta tsaya, Gwaggo ta maimaita, ta ce mata ba haka ba, sake.